Kundin ayyuka: Abin da ya kamata sabon mai tsara zane ya sani

A kowace shekara matasa da dama na kammala karatun tsara zane a jami'o'i da kwalejojin fasaha, yayin da wasu ke koyon sana'ar a shagunan buga takardu, ko kuma su koya wa kansu ta intanet.

To amma ko ta wace hanya mutum ya biyo, tambaya ɗaya ce ke jiransa a ranar da ya fara neman aiki: ina ayyukan da ka yi?

Amsar wannan tambaya ita ce kundin ayyuka, wanda masu sana'ar ke kira fotfoliyo. Shi ne ke shiga ofis kafin mai shi ya shiga, kuma sau da yawa shi ne ke yanke hukuncin ko za a kira mutum ganawa ko ba za a kira shi ba.

Ga bayani kan yadda ake haɗa shi, a takarda da kuma a kwamfuta.

Mene ne kundin ayyuka?

Kalmar fotfoliyo ta samo asali ne daga harshen Italiyanci, inda aka haɗa kalmar da ke nufin ɗauka da wadda ke nufin fallen takarda. Asalinta dai wata faffaɗar jaka ce da masu zane ke zuba ayyukansu a ciki su kai wa mai son gani.

A yau ma'anar ta faɗaɗa. Kundin ayyuka na iya kasancewa littafi da aka buga, ko fayil da ake aikawa ta imel, ko kuma shafi a intanet.

Abin da bai canza ba shi ne manufarsa: zaɓaɓɓun ayyuka kaɗan, waɗanda aka jera bisa tsari, domin su nuna abin da mai su ya iya da kuma yadda yake tunani.

Masu tsara tambarin kamfanoni, da masu tsara bangon littattafai da mujallu, da masu zayyana tufafi, da masu zanen gine-gine, da masu tsara shafukan intanet da manhajojin waya, dukkansu na amfani da shi.

Me ya sa yake da muhimmanci haka?

Tsara zane sana'a ce da ake iya ganin sakamakonta da ido, kuma Hausawa na cewa gani ya kori ji.

Takardar shaida na nuna cewa mutum ya halarci makaranta. Kundin ayyuka kuwa shi ne ke nuna ko zai iya jera haruffa su karantu, ko ya san launin da ya dace da wani, ko kuma zai iya ɗaukar saƙon mai kaya ya mayar da shi hoto da mai wucewa zai fahimta cikin daƙiƙa kaɗan.

Hatta makarantu ma da shi suke tantance ɗalibai. Manyan makarantun zane na Birtaniya, irin su Royal College of Art da Central Saint Martins da ke London, na buƙatar mai neman gurbi ya gabatar da kundin ayyukansa.

A Najeriya, ɗaliban sashen zayyanar masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas, kan fito da tarin ayyukan da suka yi a aji. Sai dai tarin ayyuka daban, kundi daban. Aikin da ke gaban wanda ya kammala shi ne ya zauna ya tace.

Wanda bai taɓa yi wa kowa aiki ba fa?

Wannan ita ce babbar matsalar sabon shiga: ba a ba shi aiki sai ya nuna aiki, shi kuma bai samu aikin da zai nuna ba.

Tarihin sana'ar ya nuna cewa akwai mafita.

Lemi Ghariokwu, wanda ya tsara bangon fayafayai 26 na mawaƙin nan Fela Kuti, bai yi karatun zane a jami'a ba. Yana matashi a Legas ya riƙa yin zane-zane don kansa, ciki har da sake zana bangon wani faifan Fela yadda shi yake ganin ya dace. Wani ɗan jarida ne ya ga ayyukan, ya haɗa shi da mawaƙin, kuma a shekarar 1974 ya fara tsara masa bango.

Michael Taiwo Akinkunmi yana ɗalibi a London ya shiga gasar zana tutar Najeriya. Alƙalan gasar sun cire jar rana da ya sanya a tsakiya, suka bar kore da fari da kore, kuma wannan tutar ce aka ɗaga ranar 1 ga watan Oktoban 1960.

Ita ma Carolyn Davidson ɗaliba ce a Jami'ar Portland State da ke Amurka lokacin da ta zana tambarin kamfanin Nike a shekarar 1971, aka biya ta dala 35.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne, aikin da aka yi a aji, da na gasa, da wanda mutum ya ƙirƙiro wa kansa, duk suna da gurbi a cikin kundi.

Sabon mai zane na iya ƙirƙiro wani gidan burodi da babu shi, ya tsara masa tambari da leda da allon talla da rigar ma'aikata. Yana iya ɗaukar littafin da ya karanta ya yi masa sabon bango. Yana kuma iya yi wa makarantar unguwa ko wata ƙungiyar sa kai aiki, domin ya samu abin da aka buga, aka yi amfani da shi a zahiri.

Sharaɗin dai shi ne gaskiya. Idan aikin gwaji ne, a rubuta cewa na gwaji ne. Idan mutum ya sake zana tambarin wani sanannen kamfani don koyo, ya bayyana cewa kamfanin bai ba shi aikin ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma tambaya ɗaya a wajen ganawa ta isa ta tona shi.

Ayyuka nawa ya kamata a saka?

Babu wata doka a kan adadi, amma shawarar da malamai da masu ɗaukar ma'aikata suka fi bayarwa ita ce tsakanin ayyuka 8 zuwa 12. Ga sabon shiga, ayyuka biyar ko shida masu ƙarfi sun fi goma sha biyar da aka cika da ciko.

Dalili kuwa shi ne mai dubawa na auna abubuwa biyu a lokaci guda: hannun mai zanen, da kuma idonsa. Wanda ya saka aiki mai rauni ya nuna cewa bai gane raunin ba.

Akan so a buɗe kundi da aikin da ya fi kowanne kyau, domin mai dubawa na iya tsayawa a shafi na uku. Akan kuma rufe da wani mai ƙarfi, domin shi ne zai zauna a zuciya.

Haka nan kuma ya kamata kundin ya dace da inda za a kai shi. Wanda ke neman aiki a kamfanin buga littattafai zai gabatar da bango da tsarin shafuka. Wanda ke neman aiki a kamfanin talla zai fito da fastoci da tambura. Wanda ke son tsara manhajojin waya zai nuna yadda mai amfani ke tafiya daga wannan shafi zuwa wancan.

Saboda haka ne masu sana'ar da dama ke ajiye babban kundi guda ɗaya, su riƙa cirar ƙarami daga cikinsa gwargwadon buƙata.

Wane bayani ake yi wa kowane aiki?

Hoto shi kaɗai ba ya faɗin dalilin da ya sa aka yi shi. Don haka akan raka kowane aiki da gajeren bayani mai amsa tambayoyi huɗu: wa aka yi wa aikin, wace matsala ake son warwarewa, me mai zanen ya yi, kuma me ya biyo baya.

Misali, idan kwalin maganin sauro aka tsara, bayanin na iya cewa yawancin masu sayen ba sa karanta Turanci, don haka aka yi amfani da hotuna wajen nuna yadda ake kunna shi da inda bai kamata a ajiye shi ba. Layi uku ko huɗu sun wadatar.

Yana da kyau kuma a nuna hanyar da aka bi: zanen farko da fensir, da siffofin da aka gwada aka watsar, sannan na ƙarshe. A wannan zamani da manhajoji irin su Canva, wadda ta fito a shekarar 2013, ke ba kowa shiryayyun tsare-tsare, zanen fensir na daga cikin shaidun da ke nuna cewa tunanin na mai kundin ne.

Idan aikin na haɗin gwiwa ne, a faɗi rabon kowa. Wanda ya tsara haruffa kaɗai bai kamata ya bar mai dubawa ya ɗauka shi ne ya ɗauki hoton ba.

Har yanzu akwai buƙatar kundin takarda?

Akwai, musamman ga wanda aikinsa zai ƙare a maɗaba'a.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, wani babban kaso na aikin da ake samu na bugawa ne: katin gayyatar biki, da kalanda, da bangon littattafan adabin kasuwar Kano, da fastocin finafinan Hausa, da na 'yan takara a lokacin zaɓe. Mai ba da irin wannan aiki na son ya riƙe takarda a hannunsa ya ga ko launin ya fita, ko rubutun ya karantu, ko yankan ya miƙe.

Kundin takarda kuma ba ya buƙatar wuta ko intanet, kuma ba a latsa shi a wuce kamar yadda ake yi wa hoto a waya.

Abu na farko da ake yanke shawara a kai shi ne girma. Takardar A4, mai faɗin milimita 210 da tsawon milimita 297, ta fi sauƙin ɗauka da arahar bugawa. Takardar A3, mai milimita 297 da 420, ta ninka ta, kuma ta fi dacewa da fastoci da zanen gine-gine.

Sai kauri. Takardar da ake amfani da ita a ofis nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, kuma tawada kan nuna ta bayanta. Don shafukan kundi an fi son mai giram 150 zuwa 170, bango kuma mai giram 250 zuwa 300. Takarda mai sheƙi na fito da hotuna, amma tana ɗaukar shatin yatsa, tana kuma haska ido a ƙarƙashin fitila, abin da ya sa wasu suka fi son marar sheƙi.

Na uku shi ne ɗauri. Jaka mai aljihunan leda, ko bango mai kusoshi da ake kwancewa, na ba da damar cire shafi a sauya wani, kuma wannan ya fi dacewa da wanda ayyukansa ke ƙaruwa wata-wata. Littafin da aka ɗinke ya fi kyan gani, to amma in an ɗinke an gama. Wanda zai yi ƙaramin littafi da ake naɗewa biyu a dafe a tsakiya ya sani cewa dole adadin shafukansa ya rabu da huɗu.

Idan akwai aikin da aka riga aka buga, kamar kati ko kwali ko mujalla, ya fi kyau a tafi da shi kansa.

Me ya sa launin kwamfuta ke canzawa a takarda?

Wannan shi ne wurin da sababbin shiga suka fi yin asarar kuɗi.

Allon kwamfuta da na waya na haɗa launi ne da haske, daga ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Injin bugawa kuwa na haɗa shi da tawada huɗu: shuɗi mai haske, da ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙi, tsarin da ake kira CMYK.

Tawada ba ta iya kaiwa ga duk launukan da haske ke bayarwa. Kore mai ƙyalli da shuɗi mai zafi da ake gani a allo kan fito a dushe a takarda. Saboda haka ake mayar da fayil zuwa CMYK tun kafin a kai shi maɗaba'a, a ga yadda zai kasance, a gyara.

Sai batun kaifin hoto. Ma'aunin da maɗaba'u suka saba nema shi ne ɗigo 300 a kowane inci. Wannan na nufin hoton da zai cika shafin A4 na buƙatar ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsaye. Hoton da aka sauko da shi daga shafukan sada zumunta yawanci bai kai haka ba, kuma ko da ya yi kyau a waya, a takarda zai fito a dagargaje.

Akwai kuma rarar gefe. Idan launi ko hoto zai kai har bakin takarda, akan miƙa shi ya wuce iyakar shafin da milimita 3 ta kowane ɓangare, domin wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai wuri ɗaya a kowane lokaci. In ba a yi haka ba, sai a ga farin layi a gefe.

Shagunan bugawa da yawa a Najeriya, daga Shomolu da ke Legas har zuwa Kano da Kaduna, sun saba aiki da manhajar CorelDRAW, yayin da kamfanonin talla suka fi karkata ga Illustrator da InDesign na kamfanin Adobe. Don kauce wa rikicewar fayil tsakanin manhajoji, ya fi aminci a kai aikin a matsayin PDF, a kuma tambayi mai injin irin tsarin da yake so.

Daga ƙarshe, a buga shafi ɗaya na gwaji kafin a buga duka. Kuɗin shafi ɗaya bai kai na sake buga kundi ba.

Wane irin kundin kwamfuta ya fi dacewa?

Iri uku ne aka fi amfani da su, kuma kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne fayil na PDF, tsarin da kamfanin Adobe ya fito da shi a shekarar 1993. Amfaninsa shi ne yana buɗewa a kusan kowace na'ura ba tare da tsarin shafi ya wargaje ba, kuma mai shi ne ke da iko da jerin da za a bi. Shi ake haɗawa da takardar neman aiki.

A nan ƙa'idojin sun saɓa wa na bugawa: launi ya zama RGB, shafi ya kwanta a faɗi kamar allon kwamfuta, hotuna kuma a rage musu nauyi. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a saƙo ɗaya, wasu ofisoshin ma iyakarsu ba ta kai haka ba, don haka an fi son fayil ɗin ya tsaya ƙasa da megabait 10. A kuma sa masa sunan mai shi da shekara, ta yadda wanda ya sauke shi zai iya gano shi bayan mako guda.

Na biyu su ne dandalin masu zane. Behance, wanda Scott Belsky da Matias Corea suka kafa a birnin New York, kuma Adobe ya saya a shekarar 2012, na ba da damar buɗe shafi kyauta, a jera aiki tun daga zanen farko har ƙarshe. Dribbble, wanda aka kafa a shekarar 2009, ya fi karkata ga gajerun hotunan aiki, musamman na manhajoji da tambura.

Instagram da Facebook na kawo masu saye, musamman 'yan kasuwa na kusa, amma suna matse hotuna, kuma aikin jiya kan nutse a ƙarƙashin na yau. Masu sana'ar kan ɗauke su a matsayin ƙofar shago, kundin kuma shi ne cikin shagon. Wanda zai yi amfani da su ya raba shafin sana'a da na hotunan biki.

Na uku shi ne shafin intanet na kai. Yana buƙatar biyan kuɗin adireshi da na masauki a kowace shekara, amma shi ne kaɗai wurin da aikin wani ba ya bayyana kusa da na mai shi. Ga wanda ke neman aikin tsara shafuka, shafin nasa shi ne aiki na farko da za a duba.

Ko wanne aka zaɓa, a gwada shi a waya mai matsakaicin ƙarfi da intanet marar sauri, domin a haka masu dubawa da yawa za su buɗe shi. Wanda zai aika hoto ta WhatsApp kuma ya aika shi a matsayin fayil, saboda manhajar kan rage ingancin hoton da aka tura kai tsaye.

Akwai darasi a abin da ya faru da manhajar Flash. A shekarun 2000 masu zane da dama sun gina shafukansu a kanta, wasu kuma na rarraba ayyukansu a faifan CD. A ƙarshen shekarar 2020 Adobe ya daina tallafa wa Flash, kuma irin waɗancan shafuka suka daina buɗewa. Dandali na zuwa ya wuce, don haka mutum ya ajiye asalin fayilolinsa a wurare biyu aƙalla.

Ina matsayin rubutun Hausa?

Ga mai zanen da zai yi aiki da Hausa, akwai wata dama da ba kowa ke lura da ita ba.

Yawancin salon haruffa na ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Idan aka rubuta su da irin wannan salo, sai kwamfuta ta aro harafi daga wani salon daban, ko ta bar akwati babu komai. Wasu kan kauce wa matsalar ta hanyar cire lanƙwasar, alhali kuwa bari daban, ɓari daban, kamar yadda kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne.

Akwai salon haruffa na kyauta da ke ɗauke da su, irin su Noto na kamfanin Google, da Charis da Andika da Gentium na ƙungiyar SIL.

Kundin da ya nuna fosta ko bangon littafi da aka rubuta da Hausa daidai, ko wanda ya haɗa boko da ajami a shafi ɗaya cikin tsari, na nuna wata ƙwarewa da kamfanonin buga littattafai da hukumomin lafiya da ƙungiyoyin agaji ke buƙata.

Kafin a kai fayil maɗaba'a kuma, a tabbatar an cusa haruffan a cikinsa, ko an mayar da su zane, domin kwamfutar mai injin na iya rasa salon da aka yi amfani da shi.

Wa ke da haƙƙin mallakar aikin?

A ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Berne, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana, haƙƙin mallaka na tabbata ne da zarar an ƙirƙiri aiki, ba sai an yi masa rajista ba. A Najeriya, sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ce ke aiki.

Sai dai aikin da aka yi wa kamfani ko aka yi a ƙarƙashin kwangila ya danganta ne da abin da aka rattaba wa hannu. Wasu kamfanoni kan hana nuna aikin da bai fito kasuwa ba. Saboda haka ya kamata a nemi izini a rubuce, kuma ya fi sauƙi a nema tun a farkon aiki.

Katin biki ko takardar ofis da za a saka a kundi, a cire lambobin waya da adireshin mutane daga jiki.

Hotuna da salon haruffan da aka yi amfani da su ma suna da masu su, kuma samun abu a intanet ba ya nufin an halatta amfani da shi a kasuwanci.

Tun daga shekarar 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney sun ƙara wata sabuwar tambaya. A shekarar 2023 ofishin kula da haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana cewa ba ya yi wa abin da na'ura ta samar ita kaɗai rajista, sai ɓangaren da ɗan Adam ya ƙirƙira. Wanda ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji a wani aiki, ya fi masa ya faɗi inda ya yi amfani da su da kuma abin da ya yi da hannunsa.

Game da satar aiki kuwa, wasu kan shimfiɗa sunansu a tsakiyar kowane hoto, abin da ke ɓata aikin da ake son nunawa. Hanyar da ta fi ita ce a saka hotuna masu ƙarancin ɗigo a intanet, waɗanda suka isa kallo amma ba su isa bugawa ba, a kuma adana asalin fayil da zanen farko a matsayin hujja.

Yaya ake gabatar da shi?

Kundin takarda da na kwamfuta ya kamata su zama 'yan gida ɗaya: salon haruffa ɗaya, launi ɗaya, suna da hanyar tuntuɓa iri ɗaya. Akan buga alamar QR a shafin ƙarshe na kundin takarda ko a katin sana'a, wadda za ta kai mutum shafin intanet kai tsaye.

Shi kansa kundin aikin zane ne, kuma ana duba shi a haka. Ado mai yawa a gefen shafi na janye ido daga aikin. Kuskuren rubutu kuwa babban aibi ne a sana'ar da kuskure ɗaya ke iya sa a sake buga kwafi dubu, don haka a ba wani ya karanta kafin a fitar.

A ranar ganawa, akan juya kundin ya fuskanci mai dubawa, a bar shi ya buɗe da hannunsa. Mai zanen ya shirya yin bayanin kowane aiki cikin minti ɗaya ko biyu, ya kuma guji ba da hanzari a kan aikin da shi da kansa ya zaɓa. Wanda zai nuna a kwamfuta ya sauke komai tun daga gida, kada ya dogara da intanet ɗin ofishin.

Idan aka yi suka, a rubuta ta. Ko da ba a samu aikin ba, ra'ayin wanda ya daɗe a sana'ar riba ce da za ta gyara kundin gaba.

Kundin ayyuka dai ba a gama shi. Masu sana'ar kan waiwaye shi duk bayan wata shida ko shekara, kuma ƙa'idar da suka saba bi ita ce, duk lokacin da sabon aiki mai kyau ya shiga, mafi rauni a cikin tsofaffin ya fita.